Karan Dawarmu Zai Hau Jirgin Ruwa

Ya ku masu cin guminsu na Dutsin-Ma da Kurfi. Da ku nake yau. Da kai nake, Baba, da ka gama girbi ka jingine damin kara a gindin gawo. Da ke nake, Inna, mai kaba a cinya kina kitsa faifai bayan la'asar. Da mai saƙar zana da asabari nake, da kafinta mai zarto a bakin titi, da maƙeri da mai walda, da ɗan dakon da ke sauke buhu tun hantsi ranar kasuwa, da direban da ya san kowane rami tsakanin Tsanni da 'Yantumaki. Na zo muku da magana a kan abin da kuke takawa kullum ba ku sunkuya kun dube shi ba, wato kara da rama da kaba da ɓuntun shinkafa. Duniya ta shiga neman abin da ke zube a bayan gidanku, kuma ba na so labarin ya iso muku bayan wasu sun riga sun kwashe romon.

Kafin mu dawo gona, ku biyo ni bakin teku. Duk wanda ya taɓa dako ko tuƙi a Apapa ko Tin Can ya san sau da yawa ba a zube kayan masana'anta a ƙasan kwantena. A kan wani ɗan gado na katako ake jera su a ɗaure, motar ɗaga kaya mai ƙaho biyu ta zura ƙahonta ƙarƙashi ta ɗauke gaba ɗaya. Ma'aikatan tasha suna ce masa falet. Irin wanda Turai ta daidaita a kansa tun 1961, tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80, an haɗa shi da allo 11 da 'yan gungume 9 da ƙusa 78. Nauyinsa wajen kilo 25, amma yana ɗaukar kilo 1,500, kwatankwacin buhun siminti 30. Ba mai waiwayarsa, alhali magani da taliya da fenti da injin niƙa duk a bayansa suke hawa. Da biliyoyi ake lissafa shi a duniya, galibi na itace, kuma da yawansu tafiya ɗaya suke yi a farfasa su. Ga kuma akwatunan katako na injuna, ga sandunan da ake tokare kaya da su don kada su gangara idan teku ta harzuƙa. Kowane ɗaya daga cikinsu itace ne da aka kayar a wani daji.

Katakon ya zo da masifa ta biyu. Ɗanyen itace gidan ƙwaro ne, ku kun fi kowa sani, tunda kun ga garin da ke zuba daga ƙotar fartanyar da aka yanko ɗanya. A 1996 aka ga wani ƙwaro mai dogon ƙaho daga Asiya yana huda itatuwan birnin Niyok. A 2002 aka gano wani kore a jihar Mishigan, wanda daga nan ya kashe miliyoyin itatuwa a Amurka da Kanada. Duka biyun, masana sun danganta zuwansu da katakon ɗaurin kaya. A shekarar ta 2002 ƙasashen duniya, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. A yau ƙa'idar ta ce duk katakon ɗaurin kaya da kaurinsa ya wuce milimita 6, kafin ya tsallake iyaka sai an ɓare ɓawonsa, an gasa shi har tsakiyarsa ta kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko kuma a turara shi da guba, sannan a buga masa hatimi. Kuɗi ne, lokaci ne, kuma wanda ya yi sakaci za a tsare masa kaya a tasha ko a juyo masa da su.

To ga ƙofar da nake so ku gani. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan allon da aka niƙa aka matse da gam da zafi ba, domin wuta da matsi sun riga sun kashe duk mai rai da ke ciki. Saboda haka, da saboda tsadar katako da ƙarewar dazuzzuka, masu dabara suka bazama neman abin da zai tsaya a madadin itace. A Holan wani kamfani mai suna CocoPallet ya ɗauki binciken Jami'ar Wageningen ya matse ɓawon kwakwa ya zama falet, ba tare da gam na kanti ba, don ɓawon yana da nasa danƙon da ke narkewa idan ya ji wuta. Wani kuma, Yellow Pallet, ya tafi Kosta Rika yana aiki da zaren jikin ayaba. A Amurka kamfanin Ecovative, wanda wasu ɗalibai biyu suka kafa a 2007, yana zuba sauran amfanin gona a mazubi, ya bar saiwar naman kaza ta yaɗu a ciki ta ɗinke shi, a samu matashin da ake tallafe kaya masu fashewa da shi a madadin farin soson roba.

Waɗannan na nesa ne. Biyu sun fi tsaya mini a rai, domin da kayan gonarmu aka yi su. A Indiya, cibiyar binciken fasahar auduga da ake kira CIRCOT ta kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Nagpur inda ake sare itacen auduga bayan tsinka, a daddatsa, a matse, ya zama allo. Sannan an yi wani allo mai suna Kirei da aka riƙa ƙawata bangon ofis da kantuna da shi a Amurka da Japan, ana sayensa da tsada don kyan zanensa. Da me aka yi shi? Da karan dawa. Karan dawa dai, irin wanda aka yi dangar gidanmu da shi, irin wanda na kwanta a kan gadonsa ina yaro. Nijeriya kuwa tana sahun gaba a duniya wajen noman dawa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na ambaci falke da gangan. Kada wani ya zo ya gaya muku ɗaure kaya da tsiro sabon ilimi ne da ya sauko daga jirgin sama. Ku tuna da huhun goro. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su sayo goro a Salaga, su dawo da shi tafiyar watanni a bayan jaki. Goro kuwa ya fi kowane kaya shagwaɓa: ya sha iska ya bushe, ya sha ruwa da yawa ya ruɓe, ƙwaro ya shiga ɗaya ya lalata dubu. Amma suka kawo shi ɗanye shar har kasuwar Kurmi. Da ganye suka shimfiɗe shi, da ganye suka lulluɓe shi, suka ɗaure da igiya, suna kwancewa a zango suna tsince wanda ya taɓu, su yayyafa ruwa su mayar. Ba ƙusa, ba katako, ba leda, ba firji. Wanda ya ƙago huhu injiniya ne, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Haka kantun gishiri ya riƙa ratso Sahara daga Bilma a bayan raƙumi, a naɗe cikin tabarmin kaba, ya iso bai farfashe ba. Mangala da kwando da lefe da igiyar rama, su suka ɗauki kasuwancin ƙasar Hausa tun kafin a san akwai wani abu wai shi kwantena. Hannun da ya saƙa su bai mutu ba. Yana nan a Birchi da Rawayau da Barkiya, yana nan a Karofi da Dabawa da Kuki. Abin da ya same shi kawai, an daina girmama shi.

Ku dubi rama. Mu a wurinmu ganyen kwaɗo ce da igiyar ɗaure akuya. Amma tsiro ne da ke wuce tsayin mita 3 cikin wata 4 zuwa 5, abin da itacen katako zai yi shekaru bai ba ka kwatankwacin amfaninsa ba. Ɓawonta zare ne mai ƙarfi na buhu da igiya, ƙashinta na ciki fari ne mara nauyi da ake yin allo da takarda da shi. Kamfanonin da ke yi wa Toyota kayan cikin mota suna saka zaren rama a bangon ƙofa. Malesiya ta kafa hukuma ta musamman don manoman taba su koma nomanta. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, da buhun algarara aka gina ta, kuma tsiron da ake saƙa wannan buhu da shi ɗan'uwan lalon miyarmu ne. Indiya ta yi doka a 1987, Bangaladash ta yi tata a 2010, cewa wasu kayan abinci dole a zuba su a irin wannan buhu, don haka miliyoyin manomansu da masaƙansu ke da abin yi har gobe. Mu ma a shekarun 1960 an kafa masana'antun saƙa buhu a Jos da Badagiri, aka yi ta kiran manoma su shuka rama. Suka durƙushe, buhun leda ya mamaye kasuwa, yau ga shi nan yana toshe mana magudanar ruwa, awaki suna ci suna mutuwa. Masu fitar da koko da kashu kuwa daga Asiya suke sayo buhun zare. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma ya kamata ya yi muku.

Itacen da muke cewa a ceta ma ba na wata ƙasa ba ne kaɗai. Mun ga abin da aka yi wa madobiya: aka yi ta sare ta daga dazuzzukan Nijeriya ana cika kwantena zuwa Sin, har yarjejeniyar kare halittu ta CITES ta saka ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A nan gida, kowa ya san tsadar da falanki ya yi, don daga Kudu ake jigilarsa. Kowa ya ga motocin gawayi da na itace. Dattawan Kurfi za su iya nuna maka fili fetal su ce nan da duhuwa ce. Katsina tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin Babbar Koriyar Ganuwa don tare hamada. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuwa, tun daga 1983 manoma suka fara barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, suna yi masa aski maimakon tumɓuke shi, har aka wayi gari miliyoyin kadada sun sake yin itatuwa a Nijar. Talakawa ne suka yi wannan da wuƙa da lauje, Hausawa 'yan'uwanmu, masu ruwan sama ƙasa da namu.

Yanzu bari in tare wata magana kafin Baba ya faɗe ta, don na san tana bakinsa. Zai ce, yaro, wa ya gaya maka kara shara ne? Gaskiyarka, Baba. A ƙasarmu kara dukiya ne. Karmami abincin shanu ne a bazara, kara makamashi ne, danga ce, jinka ce, rumbu ne, wanda aka bari a gona kuma shi ke rufe ƙasa daga iskar hunturu, gara ta ci ta mayar da shi taki. Duk wanda ya zo da shirin da zai share gona ƙaf ya bar saniya da yunwa, ya bar ƙasa tsirara, ba alheri ya kawo ba, kuma zai ƙara wa rigimar manomi da makiyayi fetur. Saniya ta fara ci, ƙasa ta samu rabonta, uwargida ta ɗebi na murhu. A kan abin da ya rage nake magana, kuma ba kaɗan ba ne. Itacen auduga da dole a tumɓuke shi bayan tsinka don kada tsutsa ta kwana a ciki. Ɓuntun da ke taruwa tsibi-tsibi a bayan injin casar shinkafa har ya kama hayaƙi da kansa. Ɓawon gyaɗa, karan riɗi, totuwar masara, busasshen karan da ake cinna wa wuta lokacin sharar gona. Sai kuma ramar da za a shuka musamman a gefen gona da kan iyaka, inda dama can take zama. Duk hayaƙin da kuka ga ya turnuƙe gona a watan sharar gona, jarin wani ne ke tashi sama.

To me ya rage mana? Abu ɗaya ne babba, kuma sai mun haɗiye shi ko da ɗaci: awo. Kasuwar duniya ba ta san "kusan haka ne" ba. Mai saƙa zai yi kwando goma, kowane da girmansa, don hannu ya saba auna abu da ido da taƙi. A kasuwar ƙauye wannan ba laifi ba ne. Amma mai kwantena yana son na farko da na dubu su zama tamkar tagwaye, don santimita 2 da suka ƙaru za su hana ƙofa rufuwa. Yana son a gaya masa kilo nawa abin zai ɗauka kafin ya karye, kwana nawa zai yi a damshin teku kafin ya yi funfuna. Kuma ku sani, ɗanyen kara da ciyawa da ɓuntu ba sa tsallake iyaka a matsayin abin ɗaurin kaya. Ƙasashe irin su Ostareliya sun haramta su ƙememe saboda ƙwari da cutar shuka. Sai an busar, an niƙa, an matse da wuta. Wannan ba ƙasƙanci ba ne ga sana'armu. Tela ma da ido ya fara, da ya riƙe tef bai daina zama tela ba, sai ma ɗinkinsa ya ƙara kuɗi. Ku sayi tef, ku sayi sikeli, ku yanka sanda ɗaya ta zama ma'aunin kowa a ƙungiya.

Ba zan yi muku romon baka ba. Injin da ke matse falet sukutum ƙato ne, yana cin wuta, yana cin jari, ba abin da za a saya da kuɗin adashi ba ne, kuma kun san halin lantarkinmu. Karan dawa ba shi da danƙon ɓawon kwakwa, yana bukatar gam, gam ɗin masana'anta kuwa da dala ake sayo shi. Amma a nan ma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Afirka ta Kudu an daɗe ana haɗa allo da gam ɗin da aka tatso daga ɓawon wani itace dangin bagaruwa, sinadarin nan dai da majemanmu ke jeme fata da shi. Bagaruwa kuwa ga ta nan a bakin kowace fadama. Ga sitacin rogo, wanda dama da irinsa ake manna kwali. Wa zai gwada mana ya gano wane haɗi ne ke riƙe karan dawar Kurfi, a wane zafi, da wane nauyi?

A nan nake juyowa gare ku, malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Tun 2011 jami'ar nan take cikinmu. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu, a ɗaure shi da baƙin bango a jera a kanta. Ɗana, 'yata, in kana karatun kimiyyar haɗa sinadarai ko noma ko gandun daji, ga aikin da zai fita daga kanta ya shiga kasuwa. Ɗebo kara daga gonar kawunka, matse shi da bagaruwa, jiƙa shi kwana uku ka auna kumburinsa, binne shi kusa da suri ka ga abin da gara za ta yi masa, rubuta sakamakon da Hausa ka kai wa kafinta. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana horar da malaman da za su koyar da yaranmu. A sa musu saƙa da awo a hannu tare. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina tana da masu zana inji. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana da masana iri. Ba a rasa ilimi ba, ba a rasa hannu ba. Zama ne ba su yi a tabarma ɗaya ba. Kuma ku masu digiri, idan kun je wurin Inna mai kaba, ku cire takalmi ku gaishe ta da ladabi, domin ta san abin da kaba ke yi a damina da abin da take yi a hunturu, sanin da ba ya cikin littafinku.

Ba kuma sai mun jira jirgin ruwa za mu fara ba. Kasuwar farko tana ƙofar gida. Masu noman rani a bakin madatsar Zobe da Makera suna loda tumatir a kwando, a ɗora wani kan wani, na ƙasa ya isa kasuwa ya zama ruwa. Akwati mai ƙafa huɗu da za a jera ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, wanda aka yi jikinsa da saƙa mai shan iska, zai ceci kuɗin manomi tun kafin mota ta kai Funtuwa. Masu kiwon kaji suna sayen kiret ɗin ƙwai, wanda ba komai ba ne illa dagargazajjen kwali da aka zuba a mazubi aka shanya, rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Magina suna neman silin mai hana zafi. A Turai tun shekarun 1930 aka fara matse karan alkama ana yin allon gini da shi. Kafintoci suna neman allon bayan kabad da ƙasan kujera mai sauƙin kuɗi. Ko a falet ɗin kansa, 'yan gungumen nan 9 da ke ƙarƙashi, yawancin masana'antu da matsattsen garin katako suke yinsu yanzu. Mai waldar da ya iya ƙera injin buga bulo da injin casa, me zai hana shi ƙera mazubin ƙarfe da jak ɗin babbar mota ya matse irinsu? Na farko zai wargaje. Na biyar zai tsage. Ku ci gaba. In kun haɗa wanda kuke ganin ya yi, ku kai shi gaban shagon mai siminti, ku jera masa buhu 30 a bainar jama'a, ku bar shi ya kwana. Wannan shaida ta fi kowace talla.

Hanyar fita kuwa tana matsowa kusa da mu. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, aka buɗe ta Funtuwa a cikin jiharmu a watan Mayun 2024, inda za a iya rufe kwantena a buga mata hatimi tun daga nan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Riɗi da zoɓorodo da citta da ƙaro da ke fita daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje, kowane yana bukatar abin zubawa da abin ɗorawa. Legas ta haramta farin soson roba na zuba abinci a watan Janairun 2024. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce zuwa 2030 duk abin ƙunshe kaya a kasuwarta sai ya zama wanda za a iya sake sarrafawa. Masu saye suna nan tafe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga gargaɗina mafi girma, ku riƙe shi da kyau. Ranar da wannan kasuwa ta buɗe, masu jari za su zo da tirela su ce a tara musu kara, su biya ku kuɗin da bai kai na dako ba, su kai birni su matse, su dawo su sayar muku da allon. Haka aka yi mana a gyaɗa, haka aka yi a auduga, haka ake yi a fata har yau: mu ne da wahala, riba tana can inda aka sarrafa. Kada ku yarda ku tsaya a masu tara kara. Ko mataki ɗaya ne ku ƙara a kan kayanku kafin ya bar hannunku: ku busar, ku daddatsa, ku tankaɗe, ku auna, ku ɗaure da nauyi sananne, ku sa farashi da baki ɗaya. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ku masu gayya ne tun asali, ku masu adashi ne. Mutum 20 da suka yi rajistar ƙungiya, suka buɗe asusu, suka riƙe littafin shiga da fita da gaskiya, suna da bakin magana a gaban Bankin Masana'antu da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta jiha, KASEDA. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci takwararta ta tarayya, SMEDAN, kafin ya hau mulki a 2023, don haka yaren ƙananan sana'o'i ba baƙonsa ba ne. Ku je masa da samfur a hannu, ba da takardar roƙo kaɗai ba. 'Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina iyayen ƙasa ne, a nemi albarkarsu da filin shanya. Kuma a ba mata kujerar gaba da riƙon asusu, don mafi yawan saƙar nan a hannunsu take, bai kamata a zo rabon riba a ce su koma cikin gida ba.

Na san da wane irin nauyi kuke karanta wannan. Na san akwai gonakin da aka yi shekaru ba a taka ba saboda 'yan bindiga, akwai ƙauyukan da suka watse, akwai gidajen da aka sayar da shanu da hatsi aka biya kuɗin fansa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya. Ba ina cewa allon kara zai kashe wannan wuta ba ne. Amma duk saurayin da ya tashi da safe yana da wurin zuwa da abin da zai kawo gida, an rage wa daji mutum ɗaya da zai iya ruɗa. Kuma sana'a ce da ake yi a cikin gari, a tsakar gida, a zaure, wadda bazawara da ɗan gudun hijira da wanda aka raba da gonarsa za su iya kamawa. Ku da kuka noma gona da fargaba a zuci kuka ciyar da jiha, kun riga kun yi abin da ya fi wannan wuya.

Kada ku zauna jiran a zo a yi muku. An gama madatsar Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta famfunan Katsina. Jaririn da aka haifa shekarar da aka tare ruwan ya kusa shekara 40 kafin a buɗe famfon. Manoman da suka sayi ɗan injin ban-ruwa suka ja tiyo da kansu, su ne suka ci amfanin Zobe a tsakanin nan.

Saboda haka, kakar bana, Baba, kada ka sa ashana a itacen audugar nan, tara shi a inuwa. Inna, ki ajiye mana irin rama mudu guda. Kafinta, ka nemi mai walda ku zauna da shayi ku zana mazubi a ƙasa. Ɗalibi, ka je gidan kawunka da sikeli da littafi. Ku haɗu ranar kasuwa mai zuwa bayan azahar, ku rubuta sunayen mutum 20 na farko.